Kyautar Litinin ga masu bugu: ta cancanta, amma rabon ya karkace

Ranar 30 ga Nuwamba 2013, saura daƙiƙa ɗaya a tashi wasan ƙwallon Amurka tsakanin jami'ar Alabama da ta Auburn, kowa yana da maki 28. Kocin Alabama, Nick Saban, ya turo wani sabon ɗalibi, Adam Griffith, ya gwada bugun maki uku daga yadi 57. Ƙwallo ta gaza kaiwa turke, wato sanduna biyun da ake zura ta a tsakaninsu, Chris Davis na Auburn ya cafe ta a can ƙurewar fili, ya zura da gudu har ɗaya ƙurewar, aka tashi 34 da 28. Ruwan zagin da ya biyo baya bai sauka a kan Griffith ba. A kan Cade Foster ya sauka, babban mai bugun ƙungiyar, wanda ya gwada sau uku a wasan bai ci ko ɗaya ba: biyu suka bauɗe, ɗaya aka tare. Kafin gari ya waye shafinsa na Twitter ya cika da ashar, har da masu barazanar kashe shi. Abin ya kai tsohon shugaban Amurka George W. Bush ya rubuta masa wasiƙa da hannunsa yana ba shi baki, don Foster lamba 43 yake sawa, Bush kuma shi ne shugaba na 43.

Kafin wannan rana kusan duk abin da Foster ya buga a kakar shiga yake yi. Wa ke tunawa? Saboda irin wannan ne nake goyon bayan wata al'ada da masu bin ƙwallon jami'o'in Amurka da yawa suke yi wa kallon cikon shafi, wato kyautar mako-mako ta masu bugu da abokan aikinsu.

Ga wanda bai saba da wasan ba, kowace ƙungiya rukuni uku ce. Akwai masu kai hari, akwai masu tsaro, sai na ukun da ake kira rukunin musamman, waɗanda ba sa shiga fili sai za a taɓa ƙwallo da ƙafa. A cikinsu akwai mai bugun turke, wanda ke neman maki uku ko maki ɗaya na bayan an kai ƙwallo gida, wato ƙurewar filin abokan hamayya. Akwai mai bugun kora, wanda idan hari ya cije yakan dako ƙwallo sama ya kora ta nesa don abokan hamayya su faro daga can baya. Akwai mai cillo ƙwallon ta tsakanin ƙafafunsa, da mai dasa ta a ƙasa, da mai cafewa ya dawo da ita a guje. Ana buga yawancin wasanni ranar Asabar. Zuwa Litinin, manyan gamayyar jami'o'i irin su SEC da Big Ten sun fitar da gwanayen mako, har da gwanin rukunin musamman. Masu kula da kyautar Lou Groza, wadda ake ba gwarzon mai bugun turke tun 1992 daga gundumar Palm Beach ta jihar Florida, sukan zaɓi taurari uku duk mako. Masu kyautar Ray Guy ta masu bugun kora, da aka fara a 2000 a birnin Augusta na jihar Jojiya, su ma suna da nasu gwanin mako.

Masu rainawa suna cewa kyautar ta yi arha. Gamayya goma ce a babban rukunin gasar jami'o'i, kowacce na ba da tata, wani lokaci ma a raba wa mutum biyu, ga kaka mai mako goma sha huɗu ko fiye. In aka lissafa, sunaye sun yi yawa har sun daina ɗaukar ido. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai mai wannan magana ya manta irin sana'ar da ake yi wa kyautar. Mai jifa, wato jagoran masu kai hari, zai iya zubar da ƙwallo sau goma a wasa ɗaya, ya gyara da jifa ɗaya mai kyau, a ɗauke shi a kafaɗa. Mai bugu yana tsaye a gefen fili awa uku yana ɗumama ƙafa a gaban raga, a kira shi sau huɗu ko biyar, kuma duk wanda ya shiga an ɗauka dama aikinsa ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gola a filin unguwa ya san wannan zaman. Kyle Brotzman na Boise State ya bar jami'a a matsayin mai bugun da ya fi kowa tara maki a tarihin babban rukuni a lokacinsa. Ka ambaci sunansa yau, abin da za a ce maka shi ne daren wasansu da jami'ar Nevada a Nuwambar 2010, inda ya ɓarar da yadi 26 a ƙarshen wasa da yadi 29 a ƙarin lokaci. Kyautar Heisman kuwa, babbar kyautar wasan, ba a taɓa ba wanda bugu kaɗai ne aikinsa ba. To in har kuskurensu ne kawai ke shiga tarihi, a bar musu takardar Litinin ta riƙa rubuta ranakun da suka yi daidai.

Kuma takardar tana da amfani a aljihu. Masu bugu da yawa suna shiga ƙungiya ne ba tare da tallafin karatu ba, iyayensu ke biyan kuɗin makaranta, su kuma suna fatan koci ya ga ƙoƙarinsu ya ba su gurbi. Tun Yulin 2021 aka halatta wa 'yan wasan jami'a samun kuɗi da sunansu, sauya makaranta ma ya zama abu mai sauƙi. Yaron da ke buga wa ƙaramar jami'a, wanda ba a nuna wasansa a babbar tashar talabijin, sunansa a cikin taurari ukun Groza shi ne tallan da zai kai shi kunnen manyan koci-koci. Ga kuma yarjejeniyar da kotu ta amince da ita a Yunin 2025, wadda ta ƙayyade 'yan wasan kowace ƙungiyar da ta shiga tsarin zuwa 105. Makarantu da dama sun saba ajiye fiye da haka, kuma idan aka zo rage kaya, mai bugu na uku da mai cillowa na biyu su ne a bakin ƙofa.

Wani abin da ke sa nake leƙa wannan jerin duk mako shi ne, nan ne ƙofar baƙi a wasan da kusan Amurkawa kaɗai ke yi. Pete Gogolak, ɗan gudun hijira daga Hungari, shi ya yi suna a jami'ar Cornell a farkon shekarun 1960 da bugu da gefen ƙafa irin na tamaula, lokacin da kowa da tsinin takalmi yake duka. Yau babu mai bugawa da tsini. Najeriya ma tana da sawu a nan. Obed Ariri na Owerri ya je jami'ar Clemson don tamaula ya rikiɗe mai bugun turke, sannan Donald Igwebuike ya gaje shi, ya zura bugu uku a wasan Orange Bowl na 1 ga Janairu 1982 da Clemson ta doke Nebraska 22 da 15 ta zama zakarar ƙasa. Maki tara cikin 22 daga ƙafarsa suka fito. Bugun kora kuwa 'yan Ostareliya sun mamaye shi: daga 2013 zuwa 2017 su suka riƙa lashe kyautar Ray Guy a jere, galibi ta hannun makarantar Prokick da ke Melbourne.

Duk da haka ina da ƙorafi a kan yadda ake rabon, kuma ba ƙarami ba ne.

Masu zaɓe suna son lamba babba da labari mai daɗi. Wanda ya ci daga yadi 55, ko ya ci a daƙiƙar ƙarshe, ya gama samun kyautar. Amma tsawo ba shi ne duka wahalar ba. A Laramie, gidan jami'ar Wyoming, fili yana sama da ƙafa 7,000 daga doron teku, iska ba ta da kauri, ƙwallo tana ƙara tafiya. Yadi 52 a can, ko a rufaffen fili, ba ɗaya ba ne da yadi 42 a Wisconsin cikin sanyin Nuwamba, ƙwallo ta daskare kamar dutse, iska na kaɗawa daga gefe. Akwai kuma abin da mai kallo bai cika lura da shi ba. Faɗin turke ƙafa 18 ne da inci 6 tun 1991, kafin nan ya haura ƙafa 23. A gasar ƙwararru ta NFL layukan da ake ajiye ƙwallo sun yi daidai da turakun, amma a jami'a tazararsu ƙafa 40 ce. Saboda haka ɗalibin da aka ba bugun yadi 22 daga ɗaya daga cikin layukan nan yana fuskantar kusurwa mai tsini wadda ƙwararre ba ya gani. In ya ci babu mai tafi, in ya ɓarar a ce ko makaho zai zura wannan.

Na mai bugun kora ya fi ban dariya, don shi arzikinsa a tsiyar ƙungiyarsa yake. A 2023 Tory Taylor na Iowa, shi ma ɗan Ostareliya, ya tara yadi 4,479, ya karya tarihin da ke tsaye tun 1938. Gwani ne na gaske, Chicago Bears ta gasar NFL ma sun ɗauke shi a zagaye na huɗu na zaɓen sababbin 'yan wasa a 2024. Amma ya samu damar bugawa sau 93 ne saboda masu harin Iowa su ne na ƙarshe a ƙasar wajen cin fili. Takwaransa da ke ƙungiya mai ƙarfi zai iya fita sau biyu kacal, ya ajiye duka biyun daf da layin gidan abokan hamayya, matsakaicin tsawonsa ya fito ƙasa don da gangan ya rage ƙarfi, Litinin ta zo ta wuce ba a ji sunansa ba. Awon da ya dace shi ne inda abokan hamayya suka faro bayan bugun, kuma alƙaluman nan suna hannun kowace gamayya. Kasala ce ke hana amfani da su.

Sai batun Sarah Fuller, wanda na san zai ɓata wa wasu rai. A ƙarshen Nuwambar 2020 korona ta kwantar da masu bugun jami'ar Vanderbilt, aka ɗauko ta daga ragar ƙungiyar tamaula ta mata, ta buga bugun buɗe zagaye na biyu a wasan Missouri, ta zama mace ta farko da ta taka leda a manyan gamayya biyar na ƙwallon Amurka na lokacin. Gajeren bugu ne na yadi 30, kamar yadda koci ya umarce ta, aka kuma lallasa Vanderbilt 41 da nema. SEC ta ba ta gwanin rukunin musamman na mako tare da Kadarius Toney na Florida, wanda ya dawo da ƙwallo a guje har gida. Ba na jin haushin a karrama ta, ta yi abin da ba a taɓa yi ba, kuma mako biyu bayan nan ta zura bugu biyu a wasan Tennessee, maki na gaske. Tambayata ga SEC ce. Da a ce tarihin a rukunin masu hari aka kafa shi da taɓa ƙwallo sau ɗaya, za su raba kyautar mai jifa biyu? Ba na zato. Sun yi hakan ne a nan don a ransu wannan kyautar aljihun gefe ce, inda ake zuba duk abin da ba a san inda za a kai shi ba. Ta cancanci karramawa ta daban mai sunanta.

Babban ƙorafina shi ne sunan mutum ɗaya da ake rubutawa a kan aikin mutum uku. Daga lokacin da ƙwallo ta bar hannun mai cillowa, ta yi tafiyar yadi bakwai ko takwas, mai dasawa ya cafe ya kafa ta ya juya ɗinkinta ya kalli turke, har ƙafa ta same ta, duka bai kai daƙiƙa ɗaya da rabi ba. In cillowar ta yi sama da taƙi ɗaya, lissafin ya rushe. Mai cillowa yana yin wannan kansa a sunkuye, ƙato na jiran ya banke shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Oktoban 2015 Michigan na gaban Michigan State 23 da 21, saura daƙiƙa goma, aka cillo wa mai bugun koransu Blake O'Neill ƙwallo ƙasa-ƙasa, ta suɓuce masa, Jalen Watts-Jackson na Michigan State ya kwashe ta ya kai gida. O'Neill ya sha zagi da barazana kamar Foster. A ranar da abu ya lalace kowa ya iya binciken hannun wa ya fara kuskure. Ranar da ya yi kyau, sai a ga ƙafa ɗaya kawai. Me zai hana sanarwar Litinin ta ɗauki sunaye uku? Layi ɗaya ne za a ƙara.

Masu cillowa sai a 2019 suka samu kyautar shekara tasu, mai sunan Patrick Mannelly, wanda ya yi wa Chicago Bears wannan aikin shekara 16. Masu dasawa kuwa da suka gaji da jira, wani daga cikinsu, Peter Mortell na jami'ar Minnesota, ya ƙirƙiri kyautar gwarzon mai dasa ƙwallo a 2015, ya sa mata sunansa, ya ba kansa, ya kuma fito ya yi wa kansa godiya a Twitter. Wasa ya fara da shi. Shekarar da ta biyo baya masu dasawa daga jami'o'i daban-daban suka shiga neman ta da gaske.