Mutum takwas da suka fita daga Mousehole ba su dawo ba

Duk ranar 19 ga Disamba, da ƙarfe 8 na dare, mutanen ƙauyen Mousehole da ke Cornwall, can kudu maso yammacin Ingila, sukan kashe fitilun Kirsimetin da suka ƙawata bakin ruwansu da su. Awa guda ake yi a haka. Suna tunawa ne da mutum takwas 'yan garin da suka shiga jirgin ceto mai suna Solomon Browne a daren 19 ga Disamba, 1981, teku ta cinye su gaba ɗaya.

Na ga mutane suna yaɗa labarin, kowa na rubuta "jarumai" a ƙasa ya wuce. Ban ƙi ba, jarumai ne. Amma ni a ganina yabon da ba a san abin da ya faru ba, bai kai matsayin tunawa ba. Shi ya sa nake roƙon ku ɗan yi haƙuri ku karanta.

Wani sabon jirgin dakon kaya ne, Union Star, ya taso daga Holan ɗauke da takin zamani zai kai Ailan. Tafiyarsa ta farko ke nan. Mutum takwas ne a ciki, har da matar kyaftin Henry Morton da 'ya'yanta mata biyu. Ruwan teku ya shiga tankin mai, inji ya mutu, iska ta fara tura jirgin zuwa duwatsun gaɓa. Iskar daren ta kai gudun mil 100 a awa, igiyar ruwa kuwa tana tashi har kusan mita 18. Jirgi mai saukar ungulu na sojan ruwa ya zo, ya yi ta ƙoƙarin zura igiya, abu ya gagara. Sai aka kira tashar ceto ta Penlee da ke kusa da Mousehole, inda Solomon Browne yake.

Solomon Browne jirgin katako ne, tsawonsa ƙafa 47 kacal. Waɗanda ke cikinsa ba sojoji ba ne. Masunta ne da ma'aikata na gari, 'yan sa kai na RNLI, ƙungiyar ceton rayuka a teku, wadda aka kafa a 1824 kuma har yau da gudummawar jama'a take tafiya. Ɗaya daga cikinsu, Charlie Greenhaugh, shi ne mai kula da gidan shaƙatawa na Ship Inn, kuma shi ya kunna fitilun Kirsimetin garin kwana biyu kafin daren.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Da aka yi kira, waɗanda suka fito sun fi adadin da ake buƙata. Cikinsu akwai Nigel Brockman da ɗansa Neil, ɗan shekara 17. Shugaban jirgin, Trevelyan Richards, ya dubi yaron ya hana shi shiga, domin ba zai ɗauki mutum biyu daga gida ɗaya a irin wannan dare ba. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan hukunci. Mutumin da ya yanke shi ya riga ya san mai yiwuwa ba za su dawo ba. Ya auna, ya ga idan abin ya ɓaci kada gida ɗaya ya rasa uba da ɗa lokaci guda, sannan shi da kansa ya shiga ya kama sitiyari. Wannan ya ishe ni amsa ga masu cewa ganganci ne, wai don me mutum takwas za su mutu saboda mutum takwas, a ƙarshe a yi asarar 16. Mai ganganci ba ya lissafi. Richards ya yi lissafi, da idonsa a buɗe ya tafi.

Kuma ba a banza suka je ba. Sun yi ta kusantar Union Star, igiyar ruwa tana ɗaga ɗan jirginsu tana maka shi a kan babban, yana zamowa ya koma ruwa, su sake komawa. Har sai da mutum huɗu suka tsallako. Saƙon ƙarshe da aka ji daga gare su ta rediyo shi ne cewa sun ɗauko huɗu. Da sun juya a nan, babu mahaluƙin da zai zarge su. Amma akwai sauran mutane a can, sai suka koma. Daga nan rediyo ta yi shiru. Matuƙin jirgi mai saukar ungulun, Russell Smith, sojan ruwan Amurka ne da ke aiki tare da na Birtaniya a lokacin, ya shaida daga baya cewa bai taɓa ganin jarumtaka irin wannan ba. Ba duka gawarwakin aka samu ba.

Sunayen masu ceton: Trevelyan Richards, Stephen Madron, Nigel Brockman, John Blewett, Kevin Smith, Barrie Torrie, Charlie Greenhaugh da Gary Wallis. Na jero su da gangan, don lamba takwas ba ta da uwa, ba ta da mata, ba ta da 'ya'ya.

To amma akwai ɓangaren da masu yabo ba su cika taɓowa ba, kuma shi ya fi damuna. Tun kafin al'amari ya kai haka, wani jirgin janwe mai suna Noord Holland ya yi tayin jan Union Star bisa yarjejeniyar da za a biya shi lada gwargwadon darajar jirgin da kayan da ya ceto. Da farko kyaftin bai amince ba, sai da ya tuntuɓi masu jirgin. Kafin a daidaita, teku ta riga ta haukace, janwe ya kasa kusantowa. Binciken da aka yi bai ɗora wa kowa laifi ba, ni ma ba zan ɗora wa mamaci ba, don ban tsaya inda ya tsaya ba. Sai dai tsarin da zai sa mutum ya tsaya tunanin kuɗi alhali inji ya mutu, iska na ƙaruwa, akwai gyara a cikinsa. Duk jinkirin da aka yi a sama, a kan 'yan sa kai yake ƙarewa. Idan muna son waɗannan mutane da gaske, to mu so a rage dalilan da ke fitar da irinsu cikin irin wannan dare.

An taɓa yin haka kuwa. A 1969 jirgin ceto na Longhope a Scotland ya kife, mutum takwas suka mutu. Shekara ta zagayo, na Fraserburgh ya kife, mutum biyar suka mutu. Bayan waɗannan masifu ne RNLI ta dage a kan jiragen da idan sun kife za su miƙe da kansu. Wannan ita ce tunawar da nake girmamawa, wadda ke sauya ƙirar jirgi da horon ma'aikata. Tun kafuwar ƙungiyar, fiye da mutum 600 ne suka rasa ransu a wannan aiki, 27 daga ciki a dare ɗaya a 1886 wajen ceton wani jirgi mai suna Mexico. Kuma abin bai zama tarihi ba, domin a Yunin 2019 masu ceto uku na ƙungiyar SNSM ta Faransa sun mutu a gaɓar Les Sables-d'Olonne garin neman wani masunci cikin guguwa.

Jama'a sun tara wa iyalan Penlee sama da fam miliyan 3. An ba Richards lambar zinariya ta RNLI, sauran bakwai ta tagulla. Duk wannan ya dace, ko da yake babu kuɗin da ke maye gurbin uba. Abin da har yanzu nake jinjinawa shi ne, cikin kwana guda da faruwar abin, mutanen garin da suka isa haɗa sabon ayari sun riga sun ba da sunayensu. Neil Brockman, yaron da aka mayar gida a daren, ya ci gaba da aikin har ya zama shugaban jirgin ceto na Penlee.

Allah ya ƙara wa iyalansu haƙuri. Duk wanda zai yaɗa labarin nan a bana, don Allah ya sa sunayen takwas ɗin a ciki, ya kuma tuna da takwas na Union Star.