Zombi a fim yake, mahaukacin kare yana lungunmu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A wata majalisa a Samaru ta Zariya, samari sun kwashe kusan awa guda suna gardama: wai ƙwayar cutar da ke mai da mutane zombi, wato gawar da ke tashi tana cizon mutane kamar yadda ake nunawa a finafinai, za ta iya ɓulla da gaske? A gefensu kuwa ga yaro yana ɗingishi, an ɗaure masa ƙwauri da tsumma, kare ya cije shi shekaranjiya. Ba wanda ya tambaya ko an kai shi asibiti. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Amsar gardamar ba ta da tsawo. Gawa ba ta tafiya. Da zarar zuciya ta tsaya, cikin 'yan mintuna ƙwaƙwalwa ta fara mutuwa saboda rashin iska, cikin 'yan awanni gaɓoɓi su sandare. Bairos kuwa, wani nau'in ƙwayar cuta, ba ya hayayyafa sai a cikin jiki mai rai, to da me zai motsa mamaci? Cizon da zai sauya mutum cikin daƙiƙa goma shi ma shirin fim ne, don kowace ƙwayar cuta sai ta ɗauki lokaci tana ninkuwa. Akwai wani naman gwari da ke shiga jikin tururuwa yana juya ta yadda yake so, amma a tururuwa ya tsaya. Tashin matattu na Allah ne, kuma yana da ranarsa.

Amma akwai cutar da ke bin cizo, ta hau ƙwaƙwalwa, ta birkita hali. Ciwon haukan kare. Wannan muna kwana da ita muna tashi da ita, kuma ita ce muka raina.

Ƙwayar tana cikin yawun kare. Idan ta shiga rauni ba jini take bi ba, jijiya take kamawa tana hawa a hankali har laka da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ake yaudaruwa: ciwo ya warke, yaro ya koma wasa, an manta. Galibi wata biyu zuwa uku ne kafin alamu su fito, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Cizon fuska, wuya ko yatsu ya fi saurin kaiwa. Daga nan sai zazzaɓi, ƙaiƙayi ko zugi a tabon, firgita, dalalar yawu. A miƙa masa kofin ruwa, yana jin ƙishirwa, amma maƙogwaro ya shaƙe ya ture kofin yana kakari. A nan ne ake cewa aljanu ne ko sammu. Ya ɗan'uwa, idan aka kai wannan matakin kusan babu wanda ke tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa a duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Abin da ke ƙona rai shi ne rigakafin ya daɗe. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara allurar a Faransa, ya rayu. Mu kuma har yau toka muke barbaɗawa, ko barkono, ko a ƙona gashin karen a shafa. Haba jama'a! Allah da ya saukar da cuta ya saukar da maganinta, wa ya ce mu naɗe hannu?

Idan kare ya yi cizo ko yakushi, ko ya lashi wurin da fata ta buɗe, a wanke nan take da sabulu da ruwa mai gudu, minti 15 cif. A duba agogo, don minti 15 ta fi yadda ake zato tsawo. Babu famfo? A yi ta kwarara da buta ana cuɗa sabulu. Sai a shafa aidin in akwai. Kada a ɗaure tam, kada a roƙi mai kemis ya ɗinke, ɗinki kan tura ƙwayar ciki. A ranar a tafi asibiti, ga na koyarwa a Shika, a faɗa musu cizon kare ne. Allurar ba ɗaya ba ce: ranar farko, rana ta 3, rana ta 7, sannan abin da likita ya ƙara gwargwadon tsarin da suke bi. A saman dantse kusa da kafaɗa ake yin ta, ƙaramin yaro a cinya, ba a ɗuwawu ba, don a can ba ta kamawa sosai. Sanyi take so, kwalbar da ta kwana a shago babu wuta ba abar dogaro ba ce. Idan haƙori ya huda fata har jini ya fita, akwai wata allura ta daban da ake yi a cikin raunin da kewayensa, ku tambaya. Mai ciki ma ana yi mata. Wanda aka ciza makonni da suka wuce, muddin alamu ba su fito ba, ya je yau.

Karen kuma, in yana da mai shi, a killace shi kwana goma ana lura, amma kada a jira shi kafin a fara allura. In an riga an kashe shi kada a jefar a kwata yara su yi wasa da shi, a sanar da likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello su gwada ƙwaƙwalwarsa. Malam mai karen gadi, da ku 'yan farauta, ku ji tsoron Allah. Tun yana wata uku ake yi wa kare rigakafi, ana sabuntawa. Karenka ya ciji ɗan maƙwabci ka ce ai lafiyarsa ƙalau, da me ka sani?

Iyaye, ku nake roƙo. Yaro da yawa ɓoye cizo yake yi don ya san bulala ce za ta fara tarbarsa: wa ya aike ka wajen kare? Baba, ajiye bulalar. Inna, ki duba ƙafafunsu da hannayensu lokacin wanka. Malaman tsangaya, almajiran nan da ke shiga gida-gida amana ne a wuyanku.

Don girman Allah, yau da daddare ku tara yaranku ku tambaye su cikin lallashi ko akwai wanda kare ya taɓa ciza bai faɗa ba.