Ba kowace rabuwa ce yaudara ba

Na karanta labarin nan na 'yan matan da samari ke gujewa bayan an sa rana, amma malam marubuci ka zuba kowa a kwando ɗaya, kamar duk saurayin da ya fasa aure mayaudari ne. Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a Kano a 2024, wasu auren sakamakon asibiti ne ke rusa su. Ƙanwata rukunin jininta na gado AS ne, wato tana ɗauke da ƙwayar sikila amma ba ta da ciwon, saurayinta ma AS, ga lefe har an fara haɗa akwatuna. Likita ya ce kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Aka fasa.

Wallahi sai da ta rame kamar ta yi jinya. Masu cewa "ki yi haƙuri, wani na nan tafe" ba su rage mata komai ba, wasu ma gulma ce ta kawo su. Abin da ya ɗago ta shi ne wasu mata da irin haka ta same su, suna kiranta da dare, su bar ta ta yi kukanta ba mai katse ta. Ɗaya cikinsu tana rainon yaro mai sikila, ita ce ma ta fi lallashinta.

Iyaye dai ku sa a yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.