Maki Ɗaya, Sakan Huɗu

A ƙarshen Nuwamba, lokacin da hasken rana bai wuce 'yan sa'o'i ba a arewacin Finland, ake buɗe kakar cin kofin duniya ta Nordic Combined a Ruka. Daga nan ayarin 'yan wasa da masu horarwa da manyan motocin kaya kan ratsa wurare irin su Lillehammer da Ramsau da Schonach da Seefeld da Otepää, ya je ya sauke a Oslo ko Lahti cikin Maris. Hukumar wasannin zamiya a kan dusar ƙanƙara ta duniya, FIS, ce ke shirya shi tun kakar 1983/84. Ga wanda bai taɓa gani ba, ɗan wasa zai ɗaura ski, dogayen katakan nan biyu na zamiya, ya gangaro daga dogon tudu ya yi tsalle sau ɗaya. Bayan 'yan sa'o'i ya sauya kaya ya shiga tseren kilomita 10 a kan dusar ƙanƙara da ƙarfin ƙafa da sanduna.

Abin da nake so in faɗa shi ne, ran wasan nan yana cikin farashin canji, wato yadda ake mayar da mita zuwa sakan. Sabon tsarin da ake kira Compact ya taɓa wannan farashin, kuma a ganina bai kamata a bar shi ya cinye jadawalin kaka ba. Amma sai mun bi lissafin tukuna, in ba haka ba musun zai zama na iska.

Kowane tudun tsalle yana da layin da ake kira K. Wanda ya sauka daidai a kansa yana da maki 60 na nisa. A babban tudu irin na Ruka ko Holmenkollen da ke Oslo, inda K yake mita 120, kowace mita da aka ƙara ko aka gaza tana da maki 1.8. A matsakaicin tudu irin na Ramsau, mai K 90, mita ɗaya maki 2 ce. Sai alƙalai biyar masu duba salo, kowa na ba da maki har 20. A jefar da mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a haɗa ukun tsakiya, iyakarsu 60. Bayan haka sai gyaran iska da na matakin tashi. Iskar da ke tahowa ta gaba tana ɗaga mai tsalle, don haka a rage masa maki. Wadda ke bugowa ta baya tana danne shi ƙasa, sai a ƙara masa. Idan an sauko da sandar da ake zama a kai kafin gangarowa, gudunsa ya ragu, sai a biya shi da maki.

Da an haɗa jimla sai a shiga canji. A tsarin Gundersen, wanda ya samo sunansa daga Gunder Gundersen ɗan Norway kuma aka fara amfani da shi a Olamfik a Calgary a 1988, maki ɗaya sakan huɗu ne, maki 15 minti ɗaya. Wanda ya fi kowa a tsalle shi ke fara tashi a tsere, sauran su bi shi bisa tazarar da makinsu ya haifar. Wanda ya fara tsallake layin ƙarshe shi ya ci, babu wani lissafi a bayan fage.

To ku duba abin da wannan ke nufi a aikace. Mita ɗaya a babban tudu sakan 7.2 ce, a matsakaici sakan 8. Wanda aka fi da mita biyar a Ruka ya ci bashin maki 9, wato sakan 36, tun bai ɗauki sanda ba. Saukar da ake so ita ce telemark, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwoyi a lanƙwashe, hannuwa a buɗe. Wanda ya ji tsoro ya dira da ƙafafu a jere, idan kowane alƙali ya zaftare masa maki 2, ukun da ake ƙirgawa sun kwashe maki 6, sakan 24 ke nan. Faɗuwa kuwa tana iya cin maki 7 a hannun kowane alƙali, 21 a haɗe, kusan minti ɗaya da rabi. A tseren da ake gamawa cikin kamar minti 25, wannan rami ne mai zurfi.

Kuma duk wannan yana rataye ne da abin da bai kai rabin sakan ba. Mai tsalle yana isowa bakin tudu da gudun kusan kilomita 90 a sa'a, a tsugune, ƙirji a kan cinya, hannuwa a baya. Bakin tudun ba sama yake kallo ba, ƙasa ya ɗan karkata da kamar digiri 11, saboda haka babu abin da ke cilla shi sai miƙewar ƙafarsa. In ya yi gaggawa, ƙarfin ya tafi a banza kafin baki, kan ski ya sunkuya. In ya makara, ya taka iska, kan ski ya ɗaga da yawa ya zama birki. A ido bambancin ba ya ganuwa sosai, amma a allo mita takwas ne ko goma. A sama kuma sai ya buɗe ski ɗinsa kamar harafin V, salon da Jan Boklöv ɗan Sweden ya yaɗa a ƙarshen shekarun 1980, ya kwantar da jiki a tsakaninsu ya bar iska ta ɗauke shi.

Wahalar ita ce jiki ɗaya ake nema ya yi aiki biyu masu gaba da juna. Tsalle yana son mutum marar nauyi, mai cinya kamar majajjawa da idon sawu mai laushi. Tsere yana son faɗin huhu da ƙarfin kafaɗa da baya, domin rabin aikin hawan tudu da sanda ake yin sa. Duk kilo ɗaya na tsoka da ya ƙara a kafaɗa don tsere zai biya shi da mita a tudu. In kuma ya rame don ya yi nisa, doka ta tare shi ta wani gefen, domin tsawon ski ɗin tsalle ba ya wuce kashi 145 cikin ɗari na tsawon mutum, kuma wanda ma'aunin BMI ɗinsa, wato nauyinsa gwargwadon tsawonsa, ya gaza 21 sai a rage masa tsawon ski, wato a rage masa fiffike. Rigar tsalle ma ana aunawa: faɗinta a kan jiki, da yawan iskar da ke ratsa yadin, wanda bai kamata ya gaza lita 40 a kowace murabba'in mita cikin sakan ba. Ɗan wasan da ya zubar da ruwan jiki tsakanin safe da rana zai iya tarar rigar da ta dace jiya ta yi masa yawa yau, a soke tsallensa. Horon juriya mai yawa a tsakiyar kaka kuma yana kashe kaifin ƙafa. Shi ya sa za ka ga wanda yake tashi kamar shaho a Disamba ya koma yana dira kafin K a Fabrairu, alhali lafiyarsa ƙalau.

A fagen tsere kuwa, sakan ba duka suke da daraja ɗaya ba, kuma nan ne masu kallon jadawali kawai suke ruɗewa. Yawanci zagaye huɗu ne na kilomita biyu da rabi. Wanda ya tashi shi kaɗai da ratar sakan 30 yana yanka iska da ƙirjinsa daga farko har ƙarshe. Mutum biyar da suka haɗu a bayansa suna karɓa-karɓa, ɗaya ya ja, huɗu su fake a bayansa su huta. In sun yi haɗin kai za su cinye ratar kafin zagaye na uku. In kuwa ɗayansu ɗan ƙasar na gaba ne, ba zai ja ba, zai lafe a baya kamar bai san abin da ake ciki ba, sauran su fara kallon juna, na gaba ya tsere. Sai batun ƙasan ski. Masu gyara suna gwada ski da yawa tun da safe, suna zaɓen zanen da aka yi wa ƙasansa da irin kakin da za a shafa gwargwadon sanyi da danshin dusar. Dusa mai laima tana tsotse ski marar isasshen zane, mai tsananin sanyi kuma tana karce shi kamar yashi. Tun kakar 2023/24 aka fara aiwatar da haramcin kaki mai sinadarin fluor, wanda a da shi ne maganin dusa mai ruwa. Tawagar da ta kuskure kaki za ka gane ta a gangara: kowa ya tsuguna yana hutawa, nata suna tura sanda.

Olamfik ɗin Beijing na 2022 ya nuna cewa Gundersen bai taɓa rufe ƙofa ga na baya ba. A matsakaicin tudu, Vinzenz Geiger ɗan Jamus ya tashi na 11, da bashin minti ɗaya da sakan 26, ya ci zinare a hawan ƙarshe. A babban tudu, Jarl Magnus Riiber, wanda fitowarsa ke nan daga killacewar korona, ya tashi da ratar sakan 44, ya kuskure hanya a ƙarshen zagayen farko, ya juyo, ya ƙare na takwas. Jørgen Graabak da ya tashi da bashin fiye da minti biyu shi ya ɗauki zinaren.

Yanzu ga Compact, wanda ya shigo a kakar 2023/24. A nan ba a canjin maki, matsayi kawai ake dubawa. Na ɗaya a tsalle ya tashi, na biyu bayan sakan 6, na uku bayan 12, na huɗu bayan 17, tazarar tana ta matsewa, na can ƙarshe bai wuce sakan 90 ba. Tseren maza kilomita bakwai da rabi ne. Ke nan in ka fi na biyu da rabin maki, sakan 6 ne ladanka. In ka fi shi da maki 20, wanda a Gundersen sakan 80 ne, ladanka sakan 6 ɗin dai. An ce wa mai tsalle iyakar abin da ake so gare shi ya wuce na kusa da shi, ragowar mitocin sadaka ce. To me zai sa ya yi kasadar miƙewa zuwa ƙasan tudu, inda ƙasa ta fara shimfiɗuwa kuma dirar ke dukan gwiwa? Ga kuma mutum ashirin da ke tashi cikin minti guda, su dunƙule kafin zagaye na biyu, abin ya koma tseren zamiya na yau da kullum da aka yi wa share fage da tsalle. A kakar ce kuma aka sauya rabon makin kofi, daga 100, 80, 60 na mutum 30 zuwa 100, 90, 80 na mutum 40. Duka gyare-gyaren biyu hanya ɗaya suka nufa, rage tazara tsakanin gwani da mai bi masa.

Ban ce masu son Compact ba su da hujja ba. Talabijin na son mutum goma su shigo filin ƙarshe a tare. Kuma akwai shekarun da Riiber kan gama gasa tun a tudu, tsere ya zama rakiya. Mutumin ya ɗauki kofin kaka sau biyar, daidai da Eric Frenzel da ya jera nasa daga 2013 zuwa 2017, ya kuma ci gasa 78 kafin ya yi ritaya a 2025, alhali tarihin Hannu Manninen da ya karya 48 ne. Amma ba a canza mudu don wani ya fi kowa hatsi. Kuma ko a kakar da aka shigo da Compact ɗin, shi dai ya ɗauki kofin.

Hujjar da na fi girmamawa ita ce ta iska. A ranar da iska ke juyawa, gyaran maki ba ya biyan asarar duka. Wanda iskar baya ta kama a tsakiyar tashi ya yi asarar mita 15, makin da aka ƙara masa ba zai cike ba, kuma Gundersen zai ninka zaluncin sau huɗu. Compact yana rage wannan. Sai dai akwai magani tun da: alƙalan gasa na tsayar da tsalle har iska ta dawo cikin iyakar da aka gindaya, kuma ana yin zagayen ajiya, PCR, tun kafin ranar gasa, wanda ake ɗauka in tsalle ya gagara. Sannan kaka mai gasa wajen ashirin ita kanta tana wanke rashin sa'ar rana ɗaya. Wannan ne ma ya sa nake ganin kofin kaka ya fi lambar Olamfik faɗin gaskiya game da wane ne gwani.

Matsin da ke bayan duk wannan daga kwamitin Olamfik na duniya yake. A Yunin 2022 ya ƙi shigar da mata gasar 2026, ya rage gurbin maza daga 55 zuwa 36, ya kuma yi nuni da cewa lambobi 27 na Olamfik uku da suka gabata ƙasashe huɗu ne kaɗai suka raba su: Norway da Jamus da Ostiriya da Japan. Wasan da ke cikin Olamfik tun na farko a Chamonix a 1924 aka ce ya kawo 'yan kallo da ƙarin ƙasashe ko ya san inda dare ya yi masa. To amma ƙarancin ƙasashe ba daga tazarar tashi ya fito ba. Yaro ba ya koyon tsalle sai da ƙananan tudu na mita 20 da 40 da 60 kusa da gida, da mai horarwa, da wanda zai ɗinka riga, da wanda ya san kaki. Ƙasar da ba ta da waɗannan, ko an tashe ta da sakan 90 ko da minti huɗu, a baya za ta ƙare. Mata kuwa sai a Disamban 2020 aka yi musu gasar kofin duniya ta farko a Ramsau, wadda Tara Geraghty-Moats 'yar Amurka ta ci, kuma cikin kakanni biyar na farko kofin ya ratsa hannun mutum huɗu daga ƙasashe uku: ita, da Gyda Westvold Hansen, da Ida Marie Hagen, da Nathalie Armbruster.

In da za a tambaye ni yadda za a raba jadawali, Compact ya tsaya a rana ɗaya cikin ƙarshen mako mai gasa uku, kamar na Ruka ko na Seefeld, inda gajeren tsere ke rage wa 'yan wasa gajiya. Sauran ranakun, musamman a manyan tudu irin Holmenkollen da Lahti inda mita ke buɗewa sosai tsakanin gwani da ɗan tsaka-tsaki, a bar maki ɗaya a kan sakan huɗunsa.