Ƙazantar da ke kwarara tekun Ingila: a daina fakewa da ruwan sama

A watan Afrilun 2025 magidanta a Ingila da Wales suka fara biyan sabon kuɗin ruwa, ƙarin kusan kashi 26 cikin ɗari a shekara guda, kimanin fam 123 ke nan a kan kowane gida. Waɗanda ke ƙarƙashin kamfanin Southern Water, a gaɓar kudu maso gabashin ƙasar, nasu ƙarin ya kusa rabin abin da suke biya a da. An ce da su kuɗin na gyaran magudanan ƙazanta ne, domin a daina sako bahaya cikin koguna da teku. Gyara kam dole a yi shi, kuma ba ya yiwuwa sai da kuɗi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tatsuniyar da ake rakiyar ƙarin da ita: wai ruwan sama ne ya yi yawa, wai bututun sun tsufa tun zamanin Sarauniya Victoria, wai sauyin yanayi ne ya zo wa kowa ba zato. Idan ka saurari masu magana da yawun kamfanonin, sai ka ɗauka ƙaddara ce ta sauko daga sama, babu hannun kowa a ciki.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, shi ya sa take shiga kunne. A tsofaffin biranen Ingila bututu ɗaya ne ke ɗaukar ruwan banɗaki da na wanke-wanke da kuma ruwan saman da ya gangaro daga rufin gidaje da tituna. A wasu wurare cikin bututun an gina 'yar gajeruwar katanga. Ranar da babu ruwa, ƙazantar na bi ta gefen katangar ta wuce cibiyar da ake tace ta. Ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, bututun ya cika, sai ruwan ya haura katangar ya faɗa wani bututun da ke kai shi kogi ko teku, ɗanye, ba a tace ba. An yi haka ne don kada ƙazantar ta koma baya ta ɓullo a banɗakunan mutane. Dabara ce ta ranar tsautsayi, kuma babu mai hankalin da zai ce a toshe su duka gobe. Irin waɗannan mafitu sun haura 14,000 a Ingila.

To amma ranar tsautsayi nawa ce a shekara? Alƙaluman hukumar kula da muhalli ta ƙasar sun nuna cewa a 2023 mafitun nan sun buɗe sau 464,000, sun yi sa'o'i miliyan 3.6 suna tsiyaya. A 2024 sun buɗe sau 450,000, sa'o'in kuma ba su ragu ba. Idan ka jera sa'o'in shekara ɗaya kaɗai, sun haura shekara 400. Kowace mafita, in an raba daidai, ta buɗe fiye da sau 30 a shekara. Abin da ke faruwa kusan sau uku a wata ya tashi daga tsautsayi, ya zama hanyar gudanar da aiki. Doka ta yarda da buɗe su ne kawai a yanayin da ba a saba gani ba, kuma ruwan sama a Ingila, ƙasar da mutum ba ya rabo da laima, ba baƙo ba ne. Tun 2012 kotun Tarayyar Turai ta sami Birtaniya da laifi kan wannan batu, saboda ƙazantar da ake sakowa a Landan da kuma gaɓar Whitburn kusa da Sunderland. Wanda aka gargaɗa tun 2012 ba shi da bakin cewa abu ya zo masa bagatatan.

A unguwanninmu mun san maƙwabcin da ke jiran hadari ya haɗo da daddare, ya buɗe bututun salgarsa cikin kwata, da safe ya ce ruwa ne ya kawo wari. Shi dai aƙalla yana jiran ruwan. Binciken da BBC ta wallafa a 2023 ya nuna alamun kamfanonin Thames da Wessex da Southern sun saki ƙazanta sau 388 a ranakun da ba a yi ruwa ba cikin 2022, shekarar da aka ayyana fari a sassan ƙasar har aka hana mutane ba furanninsu ruwa da tiyo. Har da ranar 19 ga Yuli, ranar da zafi ya haura digiri 40 karo na farko a tarihin Birtaniya, lokacin da jama'a suka yi tururuwa zuwa bakin ruwa neman sanyi. Wane hadari ne ya sauko ran nan?

Kafin wannan ma kotu ta riga ta yanke magana. A Yulin 2021 an ci tarar Southern Water fam miliyan 90 bayan ya amsa laifin sako ƙazanta ba bisa ƙa'ida ba sau 6,971 tsakanin 2010 da 2015, lita biliyan 16 zuwa 21, a ruwan arewacin Kent da Hampshire, inda mutane ke iyo wasu kuma ke kiwon abincin teku. Kotu ta gamsu da gangan aka yi, domin zubarwa ta fi tacewa araha. Nan ne gizo ke saƙar. Gidaje na ƙaruwa, ana shafe filaye da kwalta da siminti ta yadda ruwan da ƙasa za ta shanye yake gangarawa bututu, su kuwa cibiyoyin tacewa ba a faɗaɗa su daidai da jama'ar da ke amfani da su ba. Cibiyar da ta riga ta cika maƙil a ranar rani, yayyafi kaɗan ya ishe ta amai. Batun bututun zamanin Victoria kuwa, ya dace da tsakiyar Landan, inda injiniya Joseph Bazalgette ya gina magudanai bayan warin kogin Thames da ya kori 'yan majalisa daga zauren su a 1858. Mafi yawan bututun ƙasar a ƙarni na 20 aka shimfiɗa su.

Masu kare tsarin suna da wata garkuwa da suke ɗagawa duk shekara: kashi 92 cikin ɗari na wuraren iyo da aka yi wa rajista a Ingila sun cika mafi ƙarancin ma'auni a 2024. Haka ne, kuma gaɓar ƙasar ta fi tsabta a yau fiye da shekarun 1980, lokacin da garuruwa da dama ke miƙa bututu cikin teku kai tsaye. Sai dai a 2024 ɗin wurare 37 cikin 450 ne suka faɗi gwajin, alhali 18 ne suka faɗi a 2023. Kuma ya kamata mai karatu ya san yadda ake samo wannan kashi 92.

Ma'aikacin hukumar kula da muhalli zai zo da kwalbarsa, ya shiga ruwa har ya kai zurfin kimanin mita guda, ya nutsa kwalbar santimita 30 ƙasa da saman ruwa, ya rufe, ya sa a akwatin sanyi, a kai ɗakin gwaje-gwaje. Can sai an jira ƙwayoyin cutar sun tsiro kafin a ƙirga su. Kafin sakamako ya fito, igiyar ruwa ta shiga ta fita sau da yawa, wanda zai yi wanka ya yi, yaron da zai haɗiyi ruwa ya haɗiya. A tsarin da aka bi wajen fitar da waɗancan alƙaluma, ana wannan ɗiba ne daga 15 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba, bai wuce sau 20 a wuri guda ba. Ƙwayoyin cuta iri biyu kawai ake nema, E. coli da wata ƙwayar ta cikin hanji, ba a duba ƙananan ƙwayoyin nan irin su norovirus masu sa amai da gudawa. Sannan a haɗa sakamakon shekara huɗu a ba wurin daraja. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dokar ta ba da damar a jefar da har kashi 15 cikin ɗari na samfuran idan an ɗebe su lokacin wata gurɓata ta ɗan lokaci da aka riga aka yi wa jama'a gargaɗi a kanta. Wato ranakun da ruwan ya fi muni su ne ake iya sharewa daga littafi. Watannin sanyi kuwa, da ruwan sama ya fi zuba kuma mafitu suka fi buɗewa, ba sa cikin lissafin gaba ɗaya, duk da cewa masu wasan tseren igiyar ruwa da masu iyon sanyi suna cikin teku a lokacin. Don haka gaɓa na iya rataye da allon yabo, washegarin ruwa kuma ka tarar da tsummokaran goge jiki da audugar mata sun maƙale a ciyawar bakin teku.

Za a ce maka ai taki daga gonaki da kashin tsuntsaye da na karnuka ma suna gurɓata ruwa. Suna yi, amma tsuntsu bai taɓa aiko wa kowa takardar biyan kuɗin tace ƙazanta ba. Za a kuma ce ai yawan alƙaluman ya biyo bayan sanya na'urorin awo ne, tunda a 2010 kashi 7 cikin ɗari na mafitun kaɗai ke da na'ura, sai ƙarshen 2023 aka kammala sa wa dukkansu. Wannan hujja kanta take sara, domin abin da take faɗa shi ne an daɗe ana yi, ido ne kawai babu. Na'urorin ma sa'o'i suke ƙirgawa, ba sa auna yawan abin da ya zuba. Kuma tun 2009 aka bar wa kamfanonin su riƙa gwada ruwan da ke fita daga cibiyoyinsu da kansu suna kai rahoto, an ba kura ajiyar nama ke nan. Sai da mutane irin su Farfesa Peter Hammond, wanda ya yi ritaya ya zauna yana tankaɗe bayanan kamfanonin, da ƙungiyar Surfers Against Sewage da aka kafa a Cornwall a 1990, da tsohon mawaƙi Feargal Sharkey suka hana kowa barci, sannan hukumomi suka farka.

Ina kuɗin suka tafi? Gwamnatin Margaret Thatcher ta cefanar da kamfanonin ruwan a 1989 ba tare da bashi a kansu ba. Yau bashin da ke wuyansu ya haura fam biliyan 60, ribar da suka raba wa masu hannun jari tun daga lokacin kuma ta haura biliyan 70. Thames Water, mai hidimar mutum miliyan 16, bashinsa ya doshi biliyan 20 a 2025, bayan ya ninka kusan sau uku a shekarun da kamfanin Macquarie na Ostireliya ya jagoranci mallakarsa, daga 2006 zuwa 2017. Magidanci ba shi da zaɓi, ba zai iya cire bututun gidansa ya kai wa wani kamfani ba. Shekara talatin da biyar yana biyan kuɗin tace ƙazanta, yanzu an dawo masa da takarda ya sake biyan aikin da ba a yi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 2023 ƙungiyar kamfanonin ta fito ta nemi afuwar jama'a tare da alƙawarin zuba fam biliyan 10, ba a jima ba ta bayyana cewa daga aljihun jama'ar za a maido da kuɗin.

Masu nuna yatsa ga Scotland, su ce can ma da ruwan ke hannun gwamnati ana sakin ƙazanta, sun faɗi gaskiya, sai dai ɓarnar wani ba ta zama rasit na biliyoyin da aka raba a Ingila ba. Shawarar gwamnati ta Yulin 2025 ta rushe Ofwat, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin ruwa, ta kafa wata, bayan rahoton Sir Jon Cunliffe, ita ma ban ga abin tafi a cikinta ba, tunda tun farko an hana kwamitin taɓa batun maido da kamfanonin hannun hukuma. Tarar fam miliyan 122.7 da aka ci Thames Water a Mayun 2025 kuwa, ko kashi ɗaya cikin ɗari na bashinsa ba ta kai ba.

Aikin ba gagara ya yi ba. Ramin Tideway mai tsawon kilomita 25 da aka haƙa ƙarƙashin kogin Thames, wanda ya fara aiki gaba ɗaya a 2025, yana tare ƙazantar da a da take faɗawa kogin. A raba ruwan sama da na banɗaki duk inda za a iya, a bar ƙasa ta sha rabonta, a auna lita ba sa'a kaɗai ba, gwaji kuma ya koma hannun wanda ba shi da riba a ciki, rani da damina. Kamfanin da ya kasa, gwamnati ta karɓe shi, asarar ta hau kan masu hannun jari da waɗanda suka ba shi bashi ido rufe, shugaban da aka kama ya ɓoye bayani kuma ya ga cikin kurkuku. A maimakon haka, shirin da gwamnati ta fitar a 2022 ya ba kamfanonin har 2035 su gyara mafitun da ke kusa da wuraren iyo, sauran kuma har 2050. Ko a 2050 ɗin ma, shirin ya amince kowace mafita ta buɗe sau goma a shekara.