Kyan kaya daga aikinsu yake fitowa

Na karanta wani labari kan kyan kaya, amma ban yarda da mai cewa kyau ado ne da ake liƙa wa kaya bayan an gama ƙera su ba. A dubi kujera mai lamba 14 da Michael Thonet, wani kafinta Bajamushe, ya fitar a 1859. Katako shida kawai aka lanƙwasa da tururi, aka ɗaure da sukurori. Lanƙwasar nan ita ce ƙarfinta, ita ce kyanta, kuma har gobe ana ƙera ta.

Abin da ke ci mini rai shi ne buta mai sheƙi wadda mariƙinta ke ƙona hannu, bakinta na tsiyaya gefe. Don Allah masu tsara ƙirar kaya su riƙa riƙe butar da zafinta kafin ta shiga kasuwa.