Jinin waɗanda suka warke daga Lassa, da abin da rigakafi ke bukata daga gare shi

Tun 1969 da aka gano zazzaɓin Lassa a garin Lassa na jihar Borno, babu allurar rigakafinsa da aka amince da ita. Duk rani Ondo, Edo, Bauchi da Taraba sai sun ƙirga gawarwaki. A ganina wani ɓangare na wannan jinkiri yana wajenmu: da zarar an sallami mai jinya sai a rufe fayil ɗinsa, alhali a jikinsa amsar take.

Cutar Ebola ta nuna haka. Daga jinin wani da ya tsira a annobar garin Kikwit na ƙasar Kongo ta 1995 aka samo maganin Ebola mai suna Ebanga, kuma waɗanda suka warke a Yambuku, shi ma a Kongo, a 1976 an same su da sinadaran kariya, wato antibodi, bayan shekara 40. Rigakafin Ebola mai suna Ervebo ya samu amincewa a 2019.

Lassa ba ta da wannan sauƙin kai. Ƙwayar cutar ta lulluɓe furotin ɗin da take kama ƙwayoyin jiki da shi da rigar sukari, sai antibodi su rasa inda za su riƙe. Shi ya sa mutum kan warke sarai kafin antibodi masu kashe kaifin cutar su bayyana, sau da yawa sai bayan watanni, kuma ba su da yawa. Waɗanda suka yi yaƙin tun farko su ne ƙwayoyin T, sojojin jini masu farautar ƙwayar jikin da cuta ta shiga su halaka ta. Wannan na iya zama dalilin da ƙarin ruwan jinin waɗanda suka warke, wanda aka gwada a Najeriya shekaru da dama, ya ba da sakamako mai karo da juna. Amma antibodin ba banza ba ne: uku da aka tsamo daga waɗanda suka tsira sun ceci birai ko da an ba su a kwana na 8 da kamuwa.

To da me za a auna cewa allura ta yi aiki? Auna antibodi abu ne mai sauƙi: a ɗebi jini, a raba ruwansa, a sa a firiza. Ƙwayoyin T kuwa sai da rai ake auna su. Dole a ware fararen ƙwayoyin jini cikin kamar awa 8 da ɗiba, a daskarar da su sannu a hankali har zuwa digiri 80 ƙasa da sifiri, sannan a adana su a ruwan naitirojin. Motar samfur ta kwana a hanya, ko janareta ya mutu dare ɗaya, ƙwayoyin sun mutu, gwaji zai nuna babu kariya a jikin da ke da ita. Duk wanda ya san yadda wutar lantarki take a asibitocinmu ya san wannan ba hasashe ba ne.

Sai batun dangi. Ƙwayar Lassa iri-iri ce: dangi na II ya fi yawa a kudancin Najeriya, na III a tsakiya da arewa, na IV a Saliyo, Gini da Laberiya. Yawancin alluran da ake gwadawa an gina su ne a kan nau'in Josiah na Saliyo, har da ta ƙungiyar binciken rigakafi ta IAVI wadda CEPI, ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai ba da kuɗin samar da rigakafi, ke ɗaukar nauyinta, da ta shiga mataki na biyu na gwaji a 2024 a Najeriya, Gana da Laberiya. Gwajin dabbobi ya ba da fatan kariyar za ta tsallaka dangi. Amma Ervebo ma ba ta kare mutum daga nau'in Ebola na Sudan, don haka fata bai isa hujja ba. Ana bukatar jinin mutanen Bauchi da Filato da Taraba a cikin wannan bincike, ba na Irrua a Edo da Owo a Ondo kaɗai ba.

Akwai kuma kurumta. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke kan rasa ji, wasu har abada, kuma ana zargin garkuwar jikin ce da kanta ke lalata kunnen. Idan haka ne, kowace allura sai an gwada jin mai karɓarta kafin a yi masa da kuma bayan an yi.

Abin da ya kamata hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, da cibiyoyin jinya su mayar doka ba shi da wahalar faɗa. A rubuta kowane mai warkewa da yardarsa, a dawo da shi bayan wata 1, wata 3, wata 6 da shekara guda. A ɗebi jini, a gwada kunne, a tunatar da maza cewa ƙwayar kan jima a maniyyi na tsawon watanni. A biya kuɗin mota, domin manomin da ya sayar da buhun masara ya biya jinya ba zai sake hawa mota daga Toro zuwa Bauchi da kuɗinsa don a ɗebi jininsa ba.